Pikosakan hamsin: kundin aikina kan ɗigon kwantam

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau aka bar ni na shiga ɗakin leza, bayan sati biyu ina koyon ƙa'idojin kiyaye haɗari. A cire agogo da zobe da duk abin da ke ƙyalli, tabarau na kariya ba ya barin fuska, kuma ba a sunkuyawa ido ya zo daidai da tsayin teburi. Hasken da na'urar ke fitarwa yana kan tsawon zango na nanomita 800 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, tsawon zango kuma shi ke ba haske launinsa), can bakin iyakar abin da ido ke gani. In ya faɗa kan farin kati sai ka ga wani ja-ja mai rauni kamar garwashin da ya kusa mutuwa, alhali zai iya ƙona bayan ido tun ba a kai ga ƙiftawa ba.

Malam ya miƙo mini 'yan kwalabe biyu. A cikinsu akwai ɗigon kwantam, wato ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi na sinadarin kadmiyam selenaid, suna yawo cikin wani ruwan sinadari mai suna toluwin. Sinadari ɗaya ne a duka biyun, amma da aka haska musu fitilar ultarabayolet, ɗaya ta ba da rawaya mai sirkin ja, ɗayar ta ba da ja sosai. Girma ne kaɗai ya raba su: na farko faɗinsu wajen nanomita 3.3 ne, na biyu wajen 4.6. Idan haske ya ɗaga ilektiron daga mazauninsa yakan bar gurbi a baya, su biyun suna jan juna, kuma a cikin babban dunƙulen wannan sinadari sukan so sararin da ya kai nanomita biyar zuwa shida tsakaninsu. Ɗigon ya fi haka ƙanƙanta. An matse su ke nan, kuma gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin da ake buƙata a ɗaga su, launi ya karkata zuwa shuɗi. Alexei Ekimov ya ga haka cikin gilashi a farkon shekarun 1980, Louis Brus ya gani cikin ruwan sinadari a 1983, Moungi Bawendi da ɗalibansa suka fito da hanyar haɗa ɗigon masu girma kusan ɗaya a 1993. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

Tambayata ita ce: idan aka cusa ilektiron biyu da gurbi biyu cikin ɗigo ɗaya, wane lokaci suke ɗauka kafin ɗaya ya cinye ɗaya, kuma yaya lokacin ke canzawa da girman ɗigo? Malam ya ce an san amsar tun tuni. “Ba na neman ka gano sabon abu. So nake ka auna abin da aka sani, ya fito daidai a hannunka.” Na ɗan ji babu daɗi, ban dai nuna ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yaya, wadda ke digiri na uku kuma aka ɗora mata kula da ni, ta bi da ni teburin madubi bayan madubi. Sai yau na fahimci yadda ake auna lokacin da babu agogon lantarkin da ke iya kama shi.

A raba sakan ɗaya gida biliyan, kowane gida nanosakan ne. A raba nanosakan gida dubu, pikosakan. A sake raba pikosakan gida dubu, femtosakan. Lezarmu, mai dutsen safaya da aka sa wa titaniyam, tana tofo walƙiya dubu kowane sakan, kowace walƙiya tsawonta wajen femtosakan 100. Hasken da ke isa wata cikin sakan 1.3, a wannan ɗan lokaci maikiromita 30 kawai yake ci, bai kai kaurin silin gashi ba.

Dabarar ita ce a mai da tazara ta zama agogo. Ana raba kowace walƙiya biyu. Kashi ɗaya yana ratsa wani dutse da ke ninka ƙarfin foton, wato ƙwayar haske, ya koma shuɗi mai nanomita 400. Wannan shi ne hasken bugu, shi ke tayar da ilektiron. Ɗaya kashin ana zagaya da shi ta kan wasu madubai da ke bisa keke mai tafiya kan dogo, sannan a tattara shi cikin ɗan faifan safaya, ya fashe ya zama farin haske mai dukkan launuka. Wannan shi ne hasken leƙe. Ja keken baya da milimita ɗaya, hanya ta ƙaru da milimita biyu, zuwa da dawowa, leƙe ya makara da pikosakan 6.7. Santimita 15 nanosakan ɗaya ke nan. Akwai kuma wata fanka mai huda-huda da ke tare bugu ɗaya ta bar ɗaya, don kwamfuta ta riƙa kwatanta abin da leƙe ya gani da bugu da abin da ya gani babu bugu. Bambancin, wanda sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, shi ne dukan abin da muke nema.

Da irin wannan dabara Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya kalli yadda sinadarai ke rabuwa har ya ci Nobel a 1999. Yaya ta fi son ba da labarin Donna Strickland, wadda tana ɗaliba a 1985 ita da malaminta Gérard Mourou suka nuna yadda ake miƙar da walƙiya, a ƙara mata ƙarfi, a sake dunƙule ta, don kada ta fasa na'urar da ke ƙarfafa ta. Akwatin da ke gaban teburinmu haka yake yi sau dubu a sakan.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwana uku ina neman sifiri, wato inda bugu da leƙe ke isa kwalbar gwaji a tare. Kowannensu ya yi tafiyar mitoci a kan teburi, kuma dole hanyoyin biyu su zo daidai. Na auna da zare da tef, na ja keken daga wannan ƙarshe zuwa wancan, allo shiru. Jiya da yamma na sake lissafi, ashe sau ɗaya na ƙirga hanyar kan keken maimakon sau biyu. Leƙe yana makara da yawa, ko an turo keken gaba ƙarshen dogo. Muka ƙara wa bugu hanya da madubai biyu.

Da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna layin da ke kwance a allo ya nutse ƙasa a wajen nanomita 600. Na ja keken gaba kaɗan, ya ɓace. Na mayar, ya dawo. Na yi haka ya fi sau goma, Yaya tana dariya.

Talata, 4 ga Maris

Taswirar farko ta fito: launi a gefe ɗaya, lokaci a ɗaya gefen, daga sifiri zuwa pikosakan goma.

Nutsewar nan sunanta koɗewa. Matakin farko da ilektiron ke hawa a cikin ɗigo mazauni biyu ne kacal gare shi. In bugu ya riga ya zaunar da ɗaya, leƙe zai tarar da rabin wurin a cike, ɗigon ya sha haske ƙasa da yadda ya saba, kamar launinsa ya koɗe. A kadmiyam selenaid, kusan ilektiron kaɗai wannan alama ke nunawa, domin matakan gurbi suna da yawa kuma a cunkushe suke, gurbi ɗaya ba ya tare hanya.

Abin da ya fara rikita ni shi ne taswirar a karkace take: ja yana fara motsi a wani lokaci, shuɗi a wani. Har na fara ƙirƙiro dalili. Yaya ta ce in cire ɗigon, in sa toluwin zalla. Karkacewar tana nan. Cikin gilashi ja ya fi shuɗi sauri, don haka farin hasken leƙe ba ya isowa a dunƙule, jansa na gaba, shuɗinsa na baya, kowane launi da nasa sifirin. Aka auna karkacewar da toluwin, aka cire ta da lissafi.

Bayan gyara sai abin sha'awa ya bayyana. Koɗewar ba ta cika nan take, tana ɗaukar 'yan ɗaruruwan femtosakan. Foton mai nanomita 400 ƙarfinsa ilektiron-bolt 3.1 ne, matakin farko kuwa wajen 2.1 yake buƙata, saboda haka ilektiron yana farawa daga sama, sai ya gangaro. Wannan gangarowa nake kallo da idona. Kuma bisa lissafin da aka yi tun kafin a iya aunawa, bai kamata ta yi sauri haka ba. Girgizar atam ɗaya a wannan sinadari ba ta ɗaukar fiye da wajen mili-ilektiron-bolt 26, tazarar matakan kuwa ɗaruruwa ce, sai aka zaci ilektiron zai maƙale a sama ya rasa wanda zai karɓi rarar ƙarfinsa. Da aka auna sai aka ga ba ya maƙalewa: gurbi yake miƙa wa rarar, shi kuma gurbi ya sauka ta matakansa masu kusa da juna.

Talata, 11 ga Maris

Farin haske yana rawa, hayaniya ta rufe komai. Na matsar da faifan safaya zuwa sabon wuri don tsohon ya ƙone, na rage ƙarfin da ke shiga, na rufe teburin saboda iskar na'urar sanyaya ɗaki. Na kuma kashe duk abin da ke girgiza kusa da kwalbar, har da ɗan injin da ke juya maganaɗisun da ke motsa ruwan. Layi ya kwanta lafiya lau. Yaya ta shiga rubutun kundinta, sati biyu ko uku ni kaɗai ne a ɗakin da rana.

Litinin, 17 ga Maris

Kafin a cusa biyu, dole a san yadda ɗaya ke yi. Foton suna faɗa wa ɗigon ne kamar yayyafi kan tsakuwa, wani ya samu ɗaya, wani biyu, wani ko ɗaya, kuma lissafin Poisson ke faɗin rabon. In matsakaici foton ɗaya ne ga kowane ɗigo, kashi 37 cikin ɗari ba su samu komai ba, 37 sun samu ɗaya, 26 sun samu biyu ko fiye. In aka rage zuwa 0.1, masu biyu ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A wannan rauni ya kamata layin ya kwanta kusan a miƙe har ƙarshen dogo, tunda ilektiron ɗaya da gurbinsa sukan yi wajen nanosakan ashirin kafin su haɗu su fitar da haske.

Layin bai kwanta ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na koɗewar yana zubewa cikin pikosakan ɗari da ɗoriya, sannan sauran ya tsaya. Na rage ƙarfi da rabi, zubewar ta ragu kaɗan amma tana nan. Na maimaita sau huɗu. Ina zaton tarkuna ne a fatar ɗigon, wuraren da atam ya rasa abokin haɗi, suna fizge ilektiron daga matakinsa. In haka ne, ga batun da ya fi wanda aka ba ni. Daren nan na zana hoton da zan nuna wa Malam, har da kibiyoyi masu launi.

Laraba, 19 ga Maris

Malam ya daɗe yana kallon zanen. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

“In ka ja keken zuwa ƙarshe, leƙe yana nan inda yake a kan kwalbar?”

“Ina jin yana nan, ranka ya daɗe.”

“Kana ji, ko ka duba?”

Ban duba ba. In hasken bai bi dogon sak ba, tabonsa zai riƙa zamewa daga kan na bugu yayin da keken ke tafiya, alama ta ragu, mutum ya ɗauka ilektiron ne ke gudu. Ya ce in kawar da wannan tukuna, sannan in rubuta masa duk abin da na taɓa a teburin tun daga farkon wata, komai ƙanƙantarsa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Zamewar tabo ba ita ba ce. Na sa kyamara a mazaunin kwalbar, na ja keken gaba da baya, motsin bai kai a yi magana ba. Na ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Yau Yaya ta leƙo, ta karanta jerin da na rubuta wa Malam, ta tsaya a layi na shida. “Kai, ka kashe mai juyawa?” Ta kunna shi, ta saita shi a hankali yadda maganaɗisun ba zai yi tsalle cikin haske ba. Muka maimaita awon, kwalba ɗaya, ƙarfi ɗaya. Layi ya miƙe kamar an ja shi da rula. Ta kashe, muka jira minti biyu, zubewar ta dawo. Murna ta koma ciki.

Ga abin da ke faruwa, kamar yadda ta bayyana kuma na bi na karanta. Bugu yana sauka sau 500 a sakan, wato kowane milisakan biyu. Ina ɗauka kafin na gaba ya zo kowane ɗigo ya koma yadda yake, tunda milisakan biyu ya ninka nanosakan ashirin sau dubu ɗari. Ga mafi yawansu haka ne. Amma jefi-jefi, ilektiron ko gurbi mai zafi yakan fice daga cikin ɗigo ya maƙale a fata ko a waje, ya bar abokinsa a ciki, kuma yana iya yin sakanni kafin ya dawo. A bugu ɗaya abin kaɗan ne ƙwarai. Sai dai in ruwan a tsaye yake, ɗigon da ke cikin tabon su ne dai ake ta bugu sau dubbai, masu caji suna taruwa. Da sabon foton ya faɗa kan ɗigo mai caji, sai a samu uku a ciki maimakon biyu: ilektiron da gurbi su haɗu, maimakon su fitar da haske sai su jibga wa na ukun ƙarfinsu, magana ta ƙare cikin pikosakan. Wannan hanya ita ake kira da sunan Pierre Auger, Bafaranshen da ya bayyana ta a 1923, ko da yake Lise Meitner ta riga shi da shekara ɗaya. Ita ce dai hanyar da aka turo ni in auna, amma ta shigo ta bayan gida. Juya ruwan yana kawo sababbin ɗigo gaban haske kafin caji ya taru.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai: ba ni na fara faɗawa wannan rami ba. A 2004 Richard Schaller da Victor Klimov suka ba da rahoton cewa foton ɗaya mai ƙarfi yana iya haifar da ilektiron biyu a ɗigon dalma selenaid, abin da ya ja hankalin masu son inganta farantan sola. Shaidar ita ce irin wannan zubewa mai sauri a ƙaramin ƙarfi. Shekaru suka biyo baya ɗakunan gwaji suna fitar da alkaluman da suka saɓa wa juna, har aka gane cewa tarin caji a ruwan da ba a motsawa yana kumbura sakamakon. Abin yana faruwa da gaske, amma bai kai yadda wasu alkaluman farko suka nuna ba. Tun daga nan duk mai wannan awo sai ya faɗi ko ya juya ruwansa.

Awon sati uku ya tafi. Ban goge shi ba, na sa shi a jaka daban na rubuta “ba a juya ba”. Na cire hoton kibiyoyin daga bango.

Talata, 15 ga Afrilu

Awo na gaskiya, mai juyawa a kunne. Ƙarfi bakwai ga kowace kwalba, daga matsakaicin 0.05 zuwa kusan 2.

Matsalar ita ce sanin matsakaicin. Ana iya lissafa shi daga ƙarfin haske da faɗin tabo, amma kuskure kaɗan a faɗin tabo yana ninkuwa. Yaya ta nuna mini hanyar da ta fi: a dubi alamar a nanosakan ɗaya. A lokacin, duk ɗigon da ya samu biyu ko uku ya riga ya zubar da rarar, saura ɗaya. Don haka alamar tana ƙirga ɗigon da aka taɓa ne kawai, kuma yadda take cikowa ta tsaya yayin da ake ƙara ƙarfi shi ke ba da matsakaicin kai tsaye. Maki bakwai ɗin sun hau kan layin Poisson ba gardama. Wannan ne karo na farko da na ji na yarda da abin da hannuna ya auna.

Daga nan sai a daidaita wutsiyoyin layukan su haɗu, a ɗebe layin ƙaramin ƙarfi daga na matsakaici. Abin da ya rage na masu biyu ne zalla. Manyan ɗigo sun ba ni pikosakan 50, da sassaucin biyar sama ko ƙasa. Ƙanana sun ba ni wajen 20.

Na koma jakar “ba a juya ba” na duba. Zubewar can ta fi pikosakan ɗari, wato ta fi ta masu biyu jinkiri, kuma haka ya kamata: uku a ɗigo hanyoyin cinye junansu ba su kai na huɗu yawa ba. Alamar tana gabana tun 17 ga Maris, ba ni dai da abin kwatantawa.

Talata, 6 ga Mayu

Klimov da abokan aikinsa sun nuna a 2000 cewa wannan lokaci yana tafiya da cikin ɗigo, wato faɗi sau faɗi sau faɗi. Raba 4.6 da 3.3, a ninka sakamakon a kansa sau uku, ana samun 2.7. Nawa, 50 bisa 20, ya ba da 2.5. Na kai wa Malam ina murmushi.

Ya ce da kyau, sannan ya tambaye ni daga ina na samo 3.3 da 4.6. Daga launin da ɗigon ke sha na ciro su, ta jadawalin da wasu suka haɗa. Ya ce in lissafa abin da kuskuren kashi goma a faɗi zai yi wa ciki. Kashi talatin da uku. Ke nan 2.5 da 2.7 sun yi kusa fiye da yadda na cancanta, sa'a ce ta taimaka. Ya ƙara da cewa maki biyu, ko yaya suke, ana iya ja musu layi. Sai an samu na uku, kuma sai an auna girman da na'urar hangen ilektiron, a ƙirga ɗigo ɗari biyu ko fiye a hotunan, ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 21 ga Mayu

Hotunan manyan ɗigo sun fito. Na auna 240 da hannu, idona har yaji yake. Matsakaicin faɗi 4.4, ba 4.6 ba, kuma da yawansu ba zagayayyu ba ne sosai, sun ɗan miƙe ta gefe ɗaya. Na ƙanana sai mako mai zuwa, layin na'urar ya yi tsawo.

Kwalba ta uku, mai ɗigon da suka fi duka girma, ni na lalata ta. Na wanke su da metanol sau huɗu maimakon biyu, don in tabbatar sun fita tsaf. Wankin ya ɗebe man da ke lulluɓe da fatarsu yana hana su manne wa juna, sai suka dunƙule. Ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, yana watsa hasken bugu cikin na'urar karantawa, ba a ganin komai kusa da sifiri. Yaya ta ce a ɗiga ɗan oleyik asid a bar shi ya kwana, watakila su warware. In ba su warware ba, akwai ragowar da ba a wanke ba, ta isa awo ɗaya.

Gobe ƙarfe takwas zan kunna leza, ta yi awa ɗaya tana ɗumi. A takardar da na manna jikin keken na rubuta: duba tabo a ƙarshen dogo biyu, toluwin zalla tukuna, mai juyawa a kunne, a maimaita ƙaramin ƙarfi a farko da ƙarshe don a ga ko ɗigon sun canza a tsakani.